C63 AMG: tsohuwa mai inji 6.2 ko ta zamani? Abin dubawa kafin ka saki kuɗinka

Idan ka tsaya a bakin titi a Abuja ko Kano da yamma kana ƙirga Marsandi masu tambarin AMG a baya, sai ka zaci kamfanin ba ya ƙera komai sai su. Alhali da yawa daga cikinsu C300 ne aka yi wa kwalliya. Za mu zo kan wannan, domin a nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Amma bari mu fara da ta gaskiyar.

AMG reshe ne na Mercedes-Benz da ke garin Affalterbach kusa da Stuttgart a Jamus. Injiniyoyi biyu, Hans Werner Aufrecht da Erhard Melcher, su suka kafa shi a 1967, Marsandi ta sayi kaso mafi tsoka a 1999, ta mallake shi gaba ɗaya a 2005. Aikinsu shi ne su ɗauki motar gida irin C-Class su canza mata inji, giya, birki da ƙafa tun daga masana'anta. Injin C63 mutum ɗaya ke haɗa shi daga farko har ƙarshe, idan ya gama ya manna ɗan faranti mai ɗauke da sa hannunsa a saman injin. Zuwa yanzu C63 ta yi zubi uku: W204 da ta fito a 2008, W205 a 2015, sai W206 da aka nuna wa duniya a 2022.

Ba zan ɓoye ba, W204 ce tawa, musamman wadda aka yi wa gyaran fuska, wato samfurin 2012 zuwa 2014 a lissafin Amurka. Injinta M156 ne, silinda takwas, lita 6.2, ba turbo ba wani abin hura iska. A gefen mota an rubuta 6.3 don tunawa da tsohuwar 300 SEL 6.3, amma ainihin girmansa cc 6,208 ne. Ƙarfin doki 457 yake bayarwa a ma'aunin Turai, 451 a na Amurka, kuma yana juyawa har 7,200 a minti. Duk wannan ƙarfi tayoyin baya kaɗai yake zuwa. Abin da takarda ba za ta gaya maka ba shi ne yadda yake amsa ƙafa. Kana taɓa totur yana amsawa, babu jiran turbo ta cika, kuma gwargwadon yadda ka taka gwargwadon abin da za ka samu. Da safe idan ka tayar da ita a sanye, tana yin wata gurnani guda ɗaya mai kauri da za ka ji a ƙirjinka kafin ta kwantar da murya, maƙwabta kuwa sun san ka fita ko ba ka yi musu sallama ba. Sitiyarinta mai aiki da mai ne, yana da nauyi a hannu, yana sanar da kai abin da tayar gaba ke takawa, kwalta ce mai santsi ko yashi ne ya kwanta a kwana. Wanda ya saba da shi, idan ya koma sitiyarin lantarki sai ya ji kamar an sa masa safar hannu.

Dalilin da ya sa na nace a kan ta 2012 zuwa sama ba ado ba ne. Injinan farko suna da ciwon da duk mai M156 ya sani: kusoshin da ke ɗaure kan inji suna ruɓewa su karye, ruwan lagireto ya zirara cikin silinda. Idan aka yi sa'a farin hayaƙi za ka gani da ruwa yana raguwa ba tare da ɗiga a ƙasa ba. Idan ba a yi sa'a ba, ruwan ya taru a silinda, ka murɗa makulli, sandar fistin ta lanƙwashe. Kamfanin ya sauya ƙirar kusoshin daga inji mai lamba 060658, don haka yawancin na 2008 zuwa 2010 da wasu na farkon 2011 suna cikin masu matsalar. Idan ka ga tsohuwa mai kyau, sai mai ita ya nuna maka rasit na sauya kusoshin, in ba haka ba ka cire kuɗin aikin daga farashi. Ciwo na biyu ya shafi dukkansu, tsoho da sabo: kamshaf da ƙananan kofunan da yake bugawa suna cinyewa. Alamarsa ƙara ce ƙas-ƙas-ƙas daga saman inji idan an tayar a sanye. In ta ɗauke bayan daƙiƙa kaɗan da sauƙi, in ta ci gaba har inji ya yi zafi, to a buɗe murfi a duba kafin a yi maganar kuɗi. Bayan haka, ta 2012 ta zo da giyar MCT mai canji bakwai, wadda ta fi tsohuwar 7G-Tronic saurin shiga, ko da yake a cunkoso takan ɗan yi fizga lokacin tashi. Wasu na ƙorafi a kan wannan, ni ban ɗauke shi aibi ba.

Akwai masu ƙarin ƙarfi a cikin zubin. Mai Performance Package tana da doki 487, Edition 507 kuma sunanta ya faɗi nata, dukkansu da fistin da sanduna irin na SLS AMG, motar gudu ta kamfanin. Black Series mai ƙofa biyu ta kai 517, amma wannan ta masu ajiya ce, kuɗinta ya wuce maganar da muke yi.

Shan mai kuwa, kada ka yaudari kanka. Tankinta lita 66 ne, kuma a cikin gari za ka ga allura tana sauka kana kallo. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan ya zama abin lissafi na gaske. Baƙin mai sama da lita takwas take sha a kowane juye, kuma sai mai ɗauke da amincewar MB 229.5, ba na galan ɗin bakin titi ba. Tayoyin baya, 255/35 a rim 18, ba sa daɗewa a hannun mai nauyin ƙafa.

W205 mota ce mai kyau, kuma a takarda ta fi tawa ta kowace fuska. Injinta M177 ne, silinda takwas, lita 4.0, da turbo biyu a kwance a tsakiyar injin. C63 zalla doki 476, C63 S kuma 510, ta fi sauri, ta fi tsimin mai, cikinta ya fi kyau nesa ba kusa ba, kuma daga 2018 ta samu giya mai canji tara. Idan kullum za ka hau ta zuwa ofis, ita ce ta hankali. Abin da ya sa ban ba ta na ɗaya ba shi ne zafi da kayan lantarki. Turbo biyu a cikin ƙirjin inji suna tara zafi, ga hanyar ruwa ta biyu da ke sanyaya iskar turbo, ga bututu da famfo da na'urori masu jin zafi, kowanne wuri ne da zai iya ɗiga. A ranar Afrilu a Kano ko Sakkwato, ma'auni ya haura 40, kana tsaye a cunkoso, wannan ba ƙaramin abu ba ne. An kuma san ta da lalacewar abin da ke raba mai da iska a injin, wanda idan ya toshe yakan tura baƙin mai ya ɓalle ta bayan inji, gyaran kuma sai an sauke giya. C63 S tana da kujerun inji masu aiki da lantarki da difiranshal na lantarki, masu daɗi ranar da suke lafiya, masu ɗaci ranar da za a saya. Inji mai turbo kuma ya fi jin jiki idan fetur bai da kyau, gidajen manmu kuwa galibi nau'i ɗaya suke sayarwa, kuma ba mu manta gurɓataccen man da ya shigo Nijeriya a farkon 2022 ba.

W206 C63 S E Performance kuwa silinda huɗu ce, lita 2.0, haɗe da batir da injin lantarki, doki 680, nauyi sama da kilo 2,100. Tana kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa 3.4, amma ba ta da murya, kuma ranar da batirinta ya yi gardama ban ga wanda zai taɓa maka shi a Panteka ko Ƙofar Ruwa ba. A bar ta ga masu ita. Ita ma C43 ta zubin W205 mai silinda shida ba laifi, sai dai injinta ba haɗin mutum ɗaya ba ne, kada a sayar maka da ita a farashin yayarta.

Yanzu ga inda aka fi cutar mutane. Bamba, giril, salansa mai baki huɗu, tambari, har da sitiyari mai rubutun AMG, duk ana sayar da su a kasuwa, kuma mai gyaran bodi da ya iya hannunsa zai mayar da C300 ta zama C63 a ido cikin 'yan kwanaki. Wanda ya yi wa motarsa haka don sha'awa bai yi laifi ba. Laifin yana wurin dillalin da zai kalle ka ya ce, "Alhaji, wallahi orijina ce, daga Jamus ta sauka." Kada ka yi musu da shi, ka ce a buɗe boneti. C300 ta zubin W204 silinda shida ce, ta W205 kuma huɗu. Ƙirga koyil ɗin fulogi, huɗu a dama huɗu a hagu, in ba su kai takwas ba ka yi sallama. Nemi farantin sa hannu a saman inji, amma kada ka tsaya a nan, domin shi ma ana buga na jabu. Leƙa ta cikin rim ɗin gaba: birkin W204 ta gaske mai fistin shida ne, faifansa milimita 360, ya cika rim ɗin taf, ba ƙaramin birki da aka shafa wa jan fenti ba. Fuka-fukan gabanta sun fi na C300 faɗi, bonetinta yana da tudu biyu. Malejinta ya kai 320 a kilomita, ko 200 a mil. Idan kuma ka ga an rubuta 4MATIC a bayan W204 ko W205 da aka ce C63 ce, magana ta ƙare, domin waɗannan zubi biyun ba a taɓa yin su da jan ƙafa huɗu ba. Haka giril mai sanduna a tsaye, sai a 2018 ya zo wa C63, ganinsa a kan motar 2015 yana nufin an taɓa fuskar.

Abin da ba ya ƙarya shi ne lambar shasi, muddin ba a taɓa ta ba. W204 C63 mai ƙofa huɗu ta Turai tana farawa da WDD204077. A motar Amurka kuma, harafi na goma shi ke faɗin shekara: 8 na 2008, 9 na 2009, A na 2010, B na 2011, C na 2012, D na 2013, E na 2014. Wannan yana da muhimmanci saboda cuta ta biyu, wadda ta fi ta farko wayo: a ɗauki C63 ta gaske ta 2009, a sauya mata fitilu da bamba da boneti, a kira ta 2013. Injin na gaske ne, ƙarar ta gaske ce, amma kusoshin nan masu karyewa suna ciki, kai kuma ka biya kuɗin wadda ba ta da su. Gwada lambar da ke jikin gilashin gaba da ta jikin ƙofa da ta takardun kwastan, sannan a jona kwamfuta a ga lambar da ƙwaƙwalwar motar ke faɗa. Duk huɗun su zama ɗaya.

Sai motar ruwa, wato wadda ambaliya ta taɓa nutsarwa, wadda ni a wurina ta fi kowace cuta muni. Ƙanena ya taɓa sayen wata daga hannun wani dillali da ya rantse masa ba ta taɓa ko ƙwarzane ba. Fenti lafiya, kujeru lafiya, ƙamshi kamar sabuwa. Damina na sauka ta fara hauka: gilashi ya sauka da kansa, fitilun gargaɗi su kunnu su mutu, wata rana ta ƙi tashi ƙememe a ƙofar gidan biki. Da bakanike ya ɗaga kafet, sai ga busasshen laka a ƙarƙashin soso, kan wayoyin kuma duk sun yi kore. Motar ta fi zama a gareji fiye da gida, dillalin kuwa ya daina ɗaga waya. Motoci da yawa da ke zuwa Legas da Kwatano daga gwanjon kamfanonin inshora na Amurka suke, irin su Copart da IAA, kuma a can ba a ɓoye tarihinsu, a nan ne ake shafe shi. Duk lokacin da guguwa ta yi ɓarna, kamar Sandy a 2012 ko Harvey da ta nutsar da Houston a 2017, dubban motoci ke shiga gwanjo. Don haka ka sayi rahoton tarihin motar na Carfax ko AutoCheck da kanka, kada ka karɓi wanda dillali ya buga maka a takarda. Sa lambar shasin a intanet, sau da yawa hotunan ranar gwanjo za su fito, ka ga motar yadda take kafin a yi mata wanka. Ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka duba ko akwai layin ruwa. Leƙa ƙarƙashin kujera ka ga ko ƙarafan sun yi tsatsa, ka ɗaga shimfiɗar but ka shinshina. Mai yawan turare a cikin motar sayarwa, akwai abin da yake rufewa.

Maleji ma ana mayar da shi baya, shi ya sa rahoton ke da amfani: motar da ta nuna mil 140,000 ranar gwanjo ba za ta iso nan da 70,000 ba sai da hannun mutum. Wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu kuma, ko kyauta aka ba ka ka yi tunani.

Kada ka yi cinikin biri a sama, komai kyan bidiyon da aka turo maka a WhatsApp. Je da bakaniken da ya san Marsandi kuma yake da kwamfutar Xentry, wanda kai ka ɗauko shi kai za ka biya shi, ba wanda ke zaune a bencin dillali ba. Ku isa da sassafe ba tare da an san lokacin zuwanku ba, ka ɗora tafin hannu a kan inji ka tabbata a sanye yake kafin a tayar, domin wanda ya san kamshaf ɗinsa na ƙara yakan ɗumama motar kafin mai saye ya iso. A ɗaga ta sama a duba ƙarfen da ke riƙe ƙafar baya, wanda a W204 yakan ruɓe idan motar ta zauna a garuruwan da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Idan dillali ya ce ba ya son a ɗaga kafet ko a jona kwamfuta, ka gode masa ka nufi gareji na gaba.