Safiyon da ya duba mana gida a Bradford: ya gano abin da ke sama, ya tsallake na ƙasa

Da a makon da rahoton safiyon, wato mai duba lafiyar gini kafin a saya, ya iso na rubuta wannan, tauraro biyar zan ba kamfanin nan har in haɗa musu da addu'a. Yanzu da damina da hunturu suka ratsa ta kan gidan, bakina bai kai can ba.

Gidan a Bradford ta Ingila yake, cikin gidajen dutsen nan masu jere da ke manne da juna, irin waɗanda aka gina wa ma'aikatan masaƙun ulu a ƙarshen ƙarni na 19. Ni ina Kano, ƙanena ne ke can da iyalinsa. Muka yi shawara in saya, shi ya zauna yana ba ni haya daidai ƙarfinsa, maimakon ya ci gaba da zuba wa wani kuɗi duk wata. Ban taɓa taka ƙofar gidan ba kafin a yi ciniki. Abin da na gani bidiyo ne ta waya: sabon fenti fari fat, sabon kicin, falo shimfiɗeɗe, bango sumul babu kwana babu tudu. Matar ƙanena ma har ta raba ɗakuna a ranta.

Bankin Musuluncin da muka bi ya turo nasa mai kimanta gida, ya shiga ya fito, ya ce gidan ya kai kuɗinsa. Dillali ya ce wa ƙanena ai shi ke nan, ba sai mun ƙara ɓata kuɗi ba. To dillalin can na mai sayarwa ne, shi ke biyansa la'ada, kuma mutumin banki ba don ni ya zo ba, kuɗin banki ya zo tsarewa. A Ingila kuwa mai saye ne zai buɗe idonsa. A Sikotilan ne tun 2008 mai sayarwa ke kawo rahoton lafiyar gida kafin ya sa shi a kasuwa. Don haka muka nemi kamfanin da ke da rajista da RICS, ƙungiyar safiyoyin da ke can tun 1868. Dubawarsu mataki uku ce, na 1 leƙe ne kawai, na 2 shi yawancin mutane ke yi, na 3 kuma na tsofaffin gidaje da waɗanda aka yi wa sauye-sauye. Na 3 muka biya. Kuɗin ba zan faɗa ba, ba sai na tayar wa kaina da hawan jini ba, balle in na juya shi zuwa naira.

Ranar dubawar da daddare ƙanena ya kira ni. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Yaya, kana zaune?" Na ce ina zaune. Ya ce in duba hotunan da ya turo min yanzu.

Wai da safiyon ya zo, wani dattijon Bature da tsani mai naɗewa a bayan mota, bai fara shiga gidan ba. Tsallaka titi ya yi ya tsaya yana kallon rufi. Ya ga bututun hayaƙi na dutse a tsaye ƙiƙam a saman gidan. Irin waɗannan gidaje da gawayin kwal ake ɗumama su a da, saboda haka kowane ɗaki yana da murhu a jikin bango, kuma ginin murhun yana turowa cikin ɗaki, ya tashi tun daga ƙasa ya ratsa bene ya fita ta rufi. Da ya shiga falo sai ya tarar da bangon nan sumul da ya burge mu. Ya hau ɗakin kwana, nan ma sumul. Sai ya kafa tsani ya buɗe ƙofar silin ya shiga cikin rufi da tocila.

Hoton da ya ɗauko daga can har yau yana wayata. Ginin dutse ne baƙi ƙirin da kunkunniya, faɗinsa ya kai hannu biyu a buɗe, ya sauko daga rufi ya zo ya tsaya cak a iska. An sare duk na ƙasa, an bar na sama. Abin da ke riƙe da shi wani falankin katako ne da aka gicciya a kan sandunan silin, kuma a hoton ana ganin yadda falankin ya lanƙwashe a tsakiya. Ya ɗora awonsa a gefe don a ga zurfin lanƙwasar. A hoto na biyu ya haska silin ɗin ɗakin daga ƙasa ta gefe, sai ga wata siririyar tsaga ta fito a ƙarƙashin sabon fentin, daidai inda nauyin yake. Ya ce wa ƙanena dutsen zai iya haura tan ɗaya. Kamar dai a zare ginshiƙi a bar soro ne, ana fatan ba zai motsa ba.

Ƙanena ya ce, "Yaya, ɗakin nan fa shi muka ce na yara." Na rasa abin da zan ce masa sai salati.

A nan mutumin ya ci kuɗinsa halal. Washegari ya yarda aka haɗa mu a waya mu uku, ya yi min bayani a tsanake, bai nuna ƙosawa da tambayoyina ba. Ya ce cire irin wannan gini ba laifi ba ne, mutane da yawa suna yi don ɗaki ya ƙara faɗi, amma dole a tokare na sama da ƙarfen da injiniya ya lissafa, sashen kula da gine-gine na ƙaramar hukuma ya duba ya ba da takarda. Kuma tun da bangon na haɗaka ne da maƙwabci, akwai dokar 1996 da ta ce sai an ba maƙwabcin sanarwa a rubuce kafin a taɓa shi. Lauyanmu ya nemi takardun, babu ko ɗaya. Mai gidan ya ce shi haka ya saya. Allah ne masani, amma filastar falon ba ta yi kama da tsohuwa ba.

Sai lauyan mai gidan ya zo da dabara, wai za su saya mana inshora ta rufe matsalar rashin takarda. Ni daga nesa abin ya yi min daɗin ji, inshora ai inshora ce. Da ƙanena ya koma wa dattijon, a taƙaice ya warware mana: wannan inshorar tana kare ka ne idan hukuma ta taso maka kan aikin da aka yi ba izini, ba ta ɗaga dutse daga kan yaro, kuma ba ta biyan gyara. Muka ce ba ma so. Muka ɗauko injiniya ya zana ƙarfen da za a sa, magini ya ba da farashi, muka kai wa mai gidan. Abin da ya taimake mu shi ne a Ingila ciniki bai ɗaure kowa ba sai ranar da lauyoyi suka yi musayar takardun yarjejeniya, kafin nan kowa na iya ja da baya. Ya yi ta gunaguni ta bakin dillali, daga baya ya rage fam 4,000, don ya san duk wanda ya zo bayanmu da safiyo abin da zai gani ke nan. An sa ƙarfen kafin iyali su tare.

Sauran abubuwa bai yi wani dogon labari a kansu ba. Ya duba bayan gida ko akwai wata ciyawar Japan mai mamaye wuri wadda bankuna ke gudu, babu. Ya ce silin ɗin matakala mai ƙuraje-ƙuraje zai iya ƙunsar asbesto, wani kayan gini na da mai cutar da huhu, tun da sai 1999 aka haramta shi gaba ɗaya a Birtaniya, kada a kankare shi sai an gwada. Ya tuna wa lauya ya binciki tsoffin ramukan haƙar kwal, don yankin ya sha haƙa, aka bincika lafiya lau.

To daga nan ne zancen ya fara canjawa. Rahoton da aka ce zai zo cikin mako bai zo ba sai da ƙanena ya yi ta bin ofishinsu, kullum wata yarinya ce ke ɗauka ta ce yana hanya, ga lauya yana matsa mana, ga dillali yana barazanar akwai wani mai saye. Da ya zo, tuli guda ne na shafuka, kowane sashe da launinsa: kore lafiya, ruwan ɗorawa a gyara ba gaggawa, ja a tashi tsaye. Wayarin ja, gas ja, tukunyar ɗumama gida ja. Na firgita, sai da na karanta ƙasan na ga ba wai ya ga lalacewa ba ne, takardar gwaji ce bai gani ba, kuma su ba sa gwada wuta ko gas. A nemi ƙwararre. Magudanar ruwa, a nemi ƙwararre. Danshi, a nemi ƙwararre. Na ce wa ƙanena to shi wane ne, idan ba ƙwararren ba? Kowane ƙwararre kuma da nasa kuɗin, a daidai lokacin da harajin sayen gida ya riga ya kwashe min ƙafa, don an ɗora min kashi 2 na wanda ba mazaunin ƙasar ba, da kashi 5 na mai wani gidan, wai har gidana na Kano ana lissafawa.

Duk wannan da na haɗiye. Abin da ya tsaya min a maƙoshi ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne.

Gidajen nan da yawansu suna da shi, a nan ake ajiye kwal a da. Ana shiga hunturu, bayan ruwan sama na kwana da kwanaki, matar ƙanena ta sauka ɗauko buhun shinkafa ta tsoma ƙafa cikin ruwa har idon sawu. Ta kira mijinta, shi kuma ya kira ni da bidiyo: kwalaye sun jiƙe sun narke, dardumar da aka naɗe aka jingine ta sha ruwa, bangon ya yi furfurar gishiri, can sama kuma kan katakan da ke ɗauke da daɓen falo sun yi baƙi, yana danna sukudireba tana nutsewa. Mai gyaran famfo ya zura kyamara a magudana ya ce tsohon bututun yumɓu ne ya fashe a gindin bangon baya, kuma ba fashewar bana ba ce.

Na koma rahoton ina nema. Can tsakiya na samu layi biyu, wai ɗakin cike yake da kayan mai gida, ba a samu damar duba shi sosai ba, kuma murfin magudana yana ƙarƙashin tukwanen fulawa, ba a ɗaga ba. Na san ba sa ɗaga kafet, ba sa tura kujera, wannan a rubuce yake a sharuɗɗansu. Amma mutumin da ya yi doguwar hira da ni a waya, ya bi min rufi dalla-dalla, me ya hana shi ya ce, Malam, akwai wuri guda da ban gani ba, ku sa a kwashe kayan in dawo? Ya san ni ba na ƙasar. Ya san idonsa ne idona. Mataki na 3 na biya don kada a bar min lungu, sai ga babban lungun an binne shi a tsakanin shafuka, ba a ma ambace shi a taƙaitawar farko ba. Tukwanen fulawa kuwa yaro ma zai iya jan su gefe. Da an ga wannan a lokacin, da shi ma ya shiga cikin ragin, tun da mai gidan ya riga ya karaya.

Sannan kamfanin maganin danshin da ofishinsu ya ba mu lambarsa. Sun zo dubawa wai kyauta, yaron ya dinga soka na'urarsa a bango tana ƙara, ya rubuta mana aikin allurar sinadari da sabuwar filasta na maƙudan kuɗi. Maginin da ya sa mana ƙarfe ya yi dariya, ya ce na'urar nan don katako aka yi ta, gishirin tsohon bango ma yana sa ta kuka, kuma bangon dutse irin wannan so yake ya sha iska, a toshe inda ruwan ke shigowa a ga ko ba zai bushe ba. An canja bututun, ɗakin yana bushewa a hankali. Katakan ne dai sai an yanke an ƙara, kuma daga aljihuna.

Na shigar da ƙorafi, tun da duk kamfanin da ke ƙarƙashin RICS dole ya kasance yana da hanyar karɓar koke, in ba a daidaita ba a wuce wurin mai sasantawa na waje. Amsarsu cikin ladabi take, amma ba ta wuce nuna min shafi da sakin layi ba. Lauya ya ce ta fuskar doka sun rufe kansu, kada in ƙara asara a kai.

Matar ƙanena ta ce ita ko me ya faru ba za ta taɓa faɗin aibun dattijon nan ba, 'ya'yanta ne ke kwana a ɗakin. Ba na musu da ita. In wani ya tambaye ni zan ce ya biya a duba masa, kuma mataki na 3 in gidan tsoho ne, amma ya sa sharaɗi a kwashe kaya daga ƙasa da cikin rufi kafin ranar, kuma tambayarsa ta farko a waya ta zama ina da ina ne ba a shiga ba. Dattijon zan iya sake ɗaukarsa. Ofishinsu ne ba na marmarin sake ji.

Af, har na manta. A sashen da ya yi bayanin harabar gida, rahoton ya ce rufin gareji yana buƙatar gyara nan gaba, an ba shi ruwan ɗorawa. Gidan ba shi da gareji, motar ƙanena a bakin titi take kwana. Na tambaye su a imel ko garejin wa aka liƙa min a rahoton da na biya, wannan tambayar kam ba su amsa ba.