Kafin ka zaɓi inda za ka ajiye bariyabul ɗinka

Ranar Asabar wani ƙanena da ke karatu a Samaru ya kawo min kwamfutarsa rai a ɓace. Shafin ciniki yake gina wa wani mai atamfa a Sabon Gari da JavaScript, harshen da ake rubuta aikin shafukan intanet da shi. Ka zaɓi turmi uku kuɗi ya fito daidai, da ka danna maɓallin ragi sai jimla ta koma sifili. Ashe fankshin biyu ne, wato guntayen umarni masu aiki ɗai-ɗai, ke taɓa bariyabul guda, ma'ajiyar da ke riƙe jimlar: wannan ya rubuta, wancan ya goge.

Hanyar da ya bi ita ce mafi araha: ya ajiye bariyabul a saman fayil da var, wanda burauza ke liƙa wa window, wurin da kowane fankshin na shafin ke iya kaiwa. Randar ƙofar gida ke nan, kowa ya zo ya tsoma moɗa, ranar da ruwa ya gurɓace ba ka san hannun wa ba. A shafin layi ashirin ba laifi. Ya wuce haka, ka biya da dare biyu kana neman kuskure.

Ni na fi son miƙawa hannu da hannu. Fankshin ya karɓi abin da yake buƙata, ya yi aikinsa, ya dawo da amsa ta return. Rubutun ya ɗan fi yawa, amma duk inda lissafi ya karkace za ka bi sawu ka kamo shi. Idan kuma fayiloli da yawa ne ke neman abu guda, tun 2015 harshen ya samu import da export, hanyar da fayil ke ara wa wani fayil abu. Ka ware wa kwandon kaya, inda ake tara abin da mai saye ya zaɓa, fayil nasa, shi kaɗai ke canja jimla, saura sai dai su tambaye shi.

Ɗalibanmu suna son localStorage, ma'ajiyar da ke cikin burauza, saboda ko an ɗauke wuta kwamfuta ta mutu, kayan da aka zaɓa suna nan. Gaskiya ne. Sai dai rubutu kawai yake riƙewa, kusan megabait 5, kuma mai saye zai iya buɗewa ya canja abin da ke ciki. Don Allah kada a sa farashi ko kalmar sirri a wurin, wannan aikin saba ne, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta. Redux kuwa, kayan aikin tara bayanan manhaja wuri guda, na manyan manhajoji ne, shagon atamfa bai kai nan ba.

Na ce masa, "Ƙanena, raba kwandon a fayil ɗaya, ka miƙa sauran da hannu." Kafin la'asar turmi uku da ragi sun fito daidai.