Sharhi: hoton eko da aka yi wa Inna a Katsina

Kusan wata biyar Inna na fama da haki. Daga ɗaki zuwa bayi sai ta tsaya ta dafa bango, ƙafafu sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Duk inda muka je aka ɗaura mata abin awon jini a dantse, sai a ce lafiya lau. Mun taɓa yin eko, wato hoton zuciya, a wani wuri, ko minti goma ba a cika ba aka miƙo takarda, wai ɓangaren hagu na bugawa daidai. Ɓangaren dama kuwa ko kalma ɗaya ba a rubuta ba. Kuɗi dai sun tafi.

Daga baya muka taso daga Daura da sassafe zuwa wajen wani likitan zuciya a Katsina. Jira ya yi tsawo, sai bayan azahar aka kira mu, ga kuɗin ya ciji aljihu. Iyakar ƙorafina ke nan.

Aikin kansa ba allura, ba zafi. Aka kwantar da ita ta gefen hagu, aka shafa mai mai sanyi, likita na zagaya na'urar a ƙirji. Da sauti take ɗaukar hoto, ba irin hasken eksire ba. Inna ta damu da buɗe jiki, ma'aikaciya mace ta tsaya ta rufe ta da zane, hankalinta ya kwanta.

Abin da ya burge ni shi ne bayanin. Likita ya ce a cikin zuciya, ɗakin dama na ƙasa shi ke tura jini zuwa huhu, bangonsa siriri ne, bai saba da dako mai nauyi ba. In hanyoyin jinin huhu suka matse, sai ya yi ta faɗi yana gajiya, ruwa ya taru a ƙafa da ciki. Awon dantse ba ya ganin wannan hawan jinin na huhu, shi ya sa muka yi ta yawo.

Ya auna gudun jinin da ke komawa baya ta bawul ɗin dama, wato ƙofar da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa: mita 3.5 a daƙiƙa. Daga 2.8 ake fara zargi, in ya wuce 3.4 zargin ya yi ƙarfi. Ya ninka 3.5 da kanta, ya ninka da 4, ya samu 49, sannan ya ƙara matsin jinin ɗakin sama, don ya san ƙarfin hawan jinin huhun. Don ƙiyasta matsin ɗakin saman ne ya sa na'urar ƙarƙashin haƙarƙari ya ce, "Hajiya, ku shaƙi iska da hanci, kamar kuna sunsuna turare." Babbar jijiyar da ke maido jini zuciya ba ta tsuke sosai ba, alamar matsin ya hau. Sai awon da ke kan takarda da sunan TAPSE, wato nisan motsin bakin bawul ɗin a kowane bugu. Ƙasa da milimita 17 rauni ne. Na Inna 14.

Bai cika baki ba. Ya ce eko ƙiyasi yake bayarwa, tabbaci sai an zura siririn bututu ta jijiya har cikin zuciya an auna. Ya kuma ce dole a nemo tushen: tsohon tarin fuka, sikila, tsargiya, gudan jini a huhu, ko hayaƙi. Da ya tambayi shekara nawa tana girki da itace, Inna ta yi dariya ta ce, "Likita, tun kafin a haife ka."

Wanda za a yi wa eko saboda haki da kumburi, ya duba takardar kafin ya fita, ya tambaya ina awon ɓangaren dama. Mu an rubuta mana hoton ƙirji, awon numfashi da maganin rage ruwa. Murhun itace kuma na ce ƙanwata ta karɓa, ko da yake Inna ta ce tuwon gas ba ya daɗi.