KoboToolbox a Hannun Tawagar Bincike: Abin da Muka Gani a Rijiyoyin Kware da Wurno

A ranin da ya wuce mun yi mako shida muna zagaya wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Kware da Wurno, muna ɗibar ruwan rijiyoyi da na randunan gidaje domin a gwada shi a ɗakin gwaje-gwaje a cikin garin Sakkwato. Mu 11 ne a tawagar: Farfesa mai nazarin ƙananan halittu, wanda shi ne jagoranmu, da wani masanin sinadarai, da wata likita mai kula da lafiyar al'umma, da ni mai aikin ƙididdiga, sai ɗalibai 7, huɗu daga cikinsu mata, domin a mafi yawan gidajen da za mu shiga namiji ba ya wuce zaure. Wannan ne karon farko da muka ajiye takarda da biro muka yi aikin gaba ɗaya da KoboToolbox, manhajar tattara bayanan bincike ta waya, kuma tun da ni aka ɗora wa nauyin shirya ta, ni ne ya fi cancanta in faɗi inda ta yi mana rana da inda ta bar mu da halinmu.

Asalin manhajar daga wasu masu bincike ne, Phuong Pham da Patrick Vinck, waɗanda suka raine ta a ƙarƙashin sashen ayyukan jinƙai na Jami'ar Harvard da ke Amurka, kuma a yau wata ƙungiya ce mai zaman kanta, wadda ba ta neman riba, take tafiyar da ita. Kashi biyu ce. Akwai shafin intanet inda ake gina fom ɗin tambayoyi a kuma tara amsoshi, sannan akwai KoboCollect da ake sakawa a wayar Android domin cika fom a fili, wadda aka gina a kan wata manhaja irinta mai suna ODK Collect. Ana iya haɗa fom ta hanyar latse-latse a shafin, ko kuma a rubuta shi a Excel bisa tsarin da ake kira XLSForm a ɗora. Ni hanya ta biyu na bi, kuma ita nake ba kowace tawaga shawara, domin fom ɗin da ke cikin Excel kowa na iya buɗe shi ya karanta layi-layi ya yi gyara, har wanda bai taɓa ganin manhajar ba.

Babban alherin da ta yi mana ya faru ne tun kafin mu taka ƙauye ko ɗaya. Takarda tana da haƙuri, tana karɓar tambaya ko da ba a fayyace ta ba, amma kwamfuta ba ta da wannan kawaici: sai an gaya mata ko amsar lamba ce ko zaɓi ne, da iyakar abin da za ta karɓa, da tambayar da za ta biyo baya in aka ce e ko a'a. Da na zo kan tambayar "mutum nawa ne a gidan nan?" sai na tambayi abokan aiki abin da suke nufi da gida, nan take kuwa muka gane cewa wata biyu muna magana ɗaya da ma'ana uku. A wurin Farfesa, gida shi ne duk wanda ke shiga ta zaure ɗaya, domin shi abin da ya dame shi su waye ke shan rijiya ɗaya. A wurin likitar, gida shi ne masu cin tukunya ɗaya, domin da haka ake lissafin masu ciwo. Masanin sinadarai kuwa cewa ya yi shi randa yake ƙirgawa. A ƙauyukanmu kuwa zaure ɗaya na iya ƙunsar magidanta biyar, kowa da sassansa da randarsa. Mun yi yini guda a kan wannan kalma, har sai da likitar ta ce, "Ranka ya daɗe, in muka fita a haka, ɗalibanka za su kawo maka gida mai mutum 40, nawa su kawo mini mai mutum 6, kuma duka a zaure guda." Aka yi dariya, aka raba tambayar gida uku, aka tsara fom ɗin yadda zai riƙa maimaita sashen tambayoyi ga kowane magidanci a cikin gidan. Da a takarda muka yi, wannan saɓani sai bayan an gama kashe kuɗin mota da na ɗalibai zai bayyana a kan tebur ɗina.

Haka ma batun harshe. Fom ɗaya yana iya ɗaukar harsuna da yawa, mai tambaya ya sauya daga Turanci zuwa Hausa a tsakiyar hira ba tare da amsoshin sun rikice ba, kuma haruffanmu masu lanƙwasa sun fito daidai a wayoyin da muka yi amfani da su. Wannan ya sa muka zauna da ɗalibai muka tsayar da lafazi ɗaya ga kowace tambaya, maimakon kowa ya riƙa fassara daga kansa a bakin ƙofar mutane. Ɗalibai mata ne suka gyara mana da yawa, kamar inda muka rubuta gudawa suka ce a sa zawo a gefenta, da inda muka tambayi lita nawa ake sha suka ce a tambayi jarka nawa ake ɗebowa, mu yi lissafinmu daga baya.

A fili ba ta buƙatar sabis. Ana sauke fom tun a gari, a cika shi a ƙauye, ya zauna a cikin waya har sai an samu intanet a tura, kuma ɗaukar alamar wuri ta tauraron ɗan'adam ma ba ta jiran layin waya. Abin da ya wahalar da mu zafin Afrilu ne, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato: waya na yin zafi ta dushe fuska, batiri na zuba kafin la'asar. Sai da muka saya wa kowa batirin ajiyar caji, muka kuma mai da fita da sassafe.

Wurin da na fi jin daɗinta shi ne yadda ta ɗinke masu aikin fili da masu ɗakin gwaji, waɗanda a da kowa ke zargin ɗan'uwansa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada a samu E. coli, ƙwayar da ke nuna bahaya ya gurɓata ruwa, ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha, kuma gwajin ba ya da amfani in ruwan ya daɗe a hanya, shi ya sa ake son ya isa a cikin kula mai ƙanƙara cikin kamar awa 6. Mun manna wa kowace kwalba takarda mai lambar zane, irin wadda ake gani a jikin kayan kanti. Ɗaliba za ta ɗebi ruwa daga randa, ta haska kyamarar waya a kan lambar, fom ɗin ya haɗa kwalbar da gidan da wurin da lokacin. Da yamma mai gwaji ya sake haska lambar a nasa fom ɗin. Ba a ƙara jin "wannan bakwai ce ko ɗaya?" a kan rubutun da ruwa ya jiƙa ba. Ranar da motarmu ta lalace a hanyar dawowa daga Wurno, ba a yi wata jayayya ba: aka duba lokacin ɗiba da lokacin isowa, aka ware kwalaben da suka wuce ƙa'ida, aka koma washegari aka sake ɗebowa.

Tsarin raba izini ma an yi shi da tunanin tawaga. Wanda ya buɗe aikin a manhajar yana iya ba wani damar tura amsoshi kawai, wani damar dubawa, wani damar gyarawa, wani damar tantancewa, har ana iya taƙaita mutum ga ganin abin da wasu keɓaɓɓun mutane suka turo. Kowane fom da ya shigo ana iya yi masa alamar an amince, ba a amince ba, ko a dakata. Kullum bayan isha'i ni da likitar mukan duba na ranar, mu ga ɗigon kowace rijiya a kan taswira, mu ware masu shakku, da safe kafin a hau mota a tambayi mai shi tun abin yana sabo a kansa. Sai dai a nan akwai abin lura, kuma ba na kwamfuta ba ne. Fom yana rubuta lokacin da aka fara hira da lokacin da aka gama. Da na ga wani ɗalibi yana gama hirar minti 25 a cikin minti 9, sai na yi gaggawar faɗa a gaban jama'a, ashe gidajen da aka ba shi na tsofaffi ne marasa ƙananan yara, fom ɗin da kansa yake tsallake masa rabin tambayoyin. Na ba shi haƙuri, amma kwana biyu ɗalibai suna kallon wayar kamar ɗan leƙen asiri. Daga nan muka sa doka cewa duk tambayar da ta shafi aikin mutum a keɓe za a yi masa ita.

Akwai iyakokin da ya kamata mai niyya ya sani tun da wuri. KoboCollect ta Android ce kaɗai. Mai iPhone sai dai ya buɗe fom ɗin ta shafin intanet. Tsarin kyauta yana da ƙayyadadden adadin fom da za a tura a wata da ƙayyadadden wurin ajiya, wanda ya ishi bincike irin namu, amma hotuna da sautin murya suna cinye shi da sauri, don haka a rage girman hoto tun a cikin fom. Jadawalin da take nunawa na leƙawa ne kawai. Nazari na gaske sai an sauke bayanan zuwa Excel ko manhajojin ƙididdiga irin su SPSS da R. Ba ta da wurin tattaunawa, shi ya sa shawarwarinmu suka warwatse a WhatsApp, har daga baya muka buɗe littafi guda muna rubuta duk abin da aka yanke da kwanan wata. Kuma in aka gyara fom bayan an fara aiki, dole kowace waya ta sauke sabon. Mu da kanmu muka yi sakaci da wannan a mako na biyu: na ƙara zaɓin "ruwan 'yan garuwa" cikin dare ban sanar da kowa ba, wayoyi biyu suka fita da tsohon fom, na kwana ina daidaita amsoshi da hannu.

Batun amana ya fi duk waɗannan nauyi. Fom ɗinmu yana ɗauke da wurin gidan mutum da labarin ciwon 'ya'yansa, kuma bayanan suna zaune ne a rumbun ajiya da ke ƙasar waje. Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane ta 2023, ga kuma sharuɗɗan kwamitin ɗa'ar bincike. Mun sa neman yardar mai gida da matar gida a farkon fom yadda ba zai buɗe sauran tambayoyi ba sai an amsa, mun hana amfani da sunan shiga ɗaya ga mutum biyu, kuma kafin a raba bayanai ga sauran abokan aiki nakan cire sunaye da alamar wuri.

Wani amfani da ban yi tsammani ba ya zo a lokacin rubuta sakamako, lokacin da aka zo kan sunayen da za su hau takarda, wanda kowa ya san nan ne zumuncin masu bincike ke yawan tsinkewa. Manhajar ba ta yanke wannan hukunci, amma ta ajiye shaida. Da aka so a taƙaita ɗalibai ga sashen godiya, likitar ta buɗe kwamfuta ta nuna cewa biyu daga cikinsu su ne suka sake tsara rabin tambayoyin, suka kuma zauna tare da mu wajen tantancewa har ƙarshe. Farfesa ya duba, ya ce, "Malama, kin yi gaskiya, a sa su."

Ga tawagar da ke da masu fita fili da masu zama a ɗakin gwaji, musamman inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ina ganin ta cancanci a gwada, da sharaɗin a samu mutum ɗaya da zai riƙe fom ɗin, shi kaɗai ke taɓa shi, kuma a ware aƙalla kwana uku na horo da fitar gwaji a ƙauye mafi kusa. Wanda bincikensa duka a cikin ɗakin gwaji yake, ko hirarraki masu tsawo yake yi da mutane kaɗan, ba zai ga wani abin kirki a cikinta ba. Mu dai za mu koma waɗannan rijiyoyi a watan Agusta, lokacin da Kogin Rima ya cika, da fom ɗin nan, an ƙara masa tambaya ɗaya a kan ko ruwan sama yana gangarawa cikin bakin rijiya.