Gargaɗi ga matuƙa jirgin sama masu shirin jarrabawar ATP: dala 1,400 na sun tafi

Dala 1,400. Sai na rubuta shi da lamba kafin zuciyata ta yarda. Wani ɗan damfara da ke shiga zaurukan matuƙa jirgi a WhatsApp ya cinye min su, har yanzu kuma yana can yana ce wa mutane "Kyaftin".

Duk wanda ya tara awoyinsa na tuƙin jirgi a Amurka ya san ba a zama rubutacciyar jarrabawar ATP (lasisi mafi girma na matuƙin jirgin sama) ta jirage masu inji fiye da ɗaya sai da takardar kammala kwas ɗin share fage da ake kira ATP-CTP. Tun 2014 haka dokar FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, take: awa 30 a aji, awa 10 a na'urar kwaikwayon jirgi. Kwas ne mai tsada, gurbi kuma sai an jira. Ina cikin lissafin ko in sayi manhajar bita ko in zauna da littafi ni kaɗai, sai ga shi. Wai shi wakilin wata makaranta ce mai izini, yana da gurbin wani da ya fasa, zai kuma haɗa min da "ainihin tambayoyin da ke fitowa".

Masu cewa yaya aka yi matuƙin jirgi ya faɗa wannan tarko, ku saurara. Mutumin nan ya san aikin. Da na ce masa awa goman duk a babbar na'ura mai motsi ake yi, shi ya gyara min, ya ce shida ne dole a cikinta. Gaskiyarsa. Ya san sakamakon jarrabawar na aiki har wata 60. Ya nemi lambar FTN ɗina, wato lambar da FAA ke ba mai neman lasisi, kafin ya yi maganar kuɗi. Wane ɓarawo ne ke fara tambayar FTN? Sannan ya faɗi maganar da ta gama da ni: "Kyaftin, kar ka biya duka. Ba da rabi, sauran sai ka ga makaranta da idonka." Kar ka biya duka! Kullum sai maganar nan ta dawo min. Mai hana ka biyan kuɗi ai ba ka yi masa kallon ɓarawo. Rabin ne dala 1,400.

Bayan na tura ne ya aiko fayil ɗin tambayoyin. Hoton da ya ɗauka a cikin na'urar shi ne ya riga zuwa, da rasit mai tambarin makarantar. Na buɗe fayil ɗin da daddare. Tambaya ta ce duba zane na kaza, zanen babu shi. Tambaya ɗaya kan lissafin nauyi da daidaiton jirgi ta fito sau biyu, amsa daban-daban. Ragowar kuwa littafin zane-zane da taswirun da FAA ta sa a shafinta ne, kowa na saukewa kyauta. Abin kyauta aka sayar min. Wallahi wannan ya fi kuɗin ƙona min rai.

Na kira makarantar. Matar da ta ɗauka ta nemi in maimaita sunansa, ta yi shiru, ta ce ba su da wakili, ba su taɓa yi ba, sunana kuma ba ya cikin kowane aji. Na koma kansa, ya ce yana sama zai kira in ya sauka. Bai sauka ba har yau. Banki sun ce da hannuna na tura.

Ina da hotunan hirarmu kaf, da rasit ɗin bogin, da muryarsa inda yake cewa kar in biya duka. Zan ɗora su da zarar na rufe lambobina da ke ciki.

Ku duba sunan makaranta a jerin da FAA ta amince da su, ku biya makarantar kai tsaye. FAA ba ta sakin rumbun tambayoyinta, duk mai cewa yana da shi ƙarya yake. Maki 70 cikin 100 ake nema, ku zauna ku yi karatu.

Jiya ma wani abokin aikina ya turo min saƙon da mutumin ya aika masa da sabuwar lamba. Gurbin wanda ya fasa ɗin nan dai, har yanzu yana nan wai. Rabi kawai zai biya, dala 1,400.