Gejin baƙin mai yana faɗuwa: laifin kwanon ƙasa ne ko na metal?

Ɗan'uwa, ka ce allurar gejin baƙin mai, mai nuna matsin mai a cikin inji, a tsohuwar motar kayanka tana sauka har ta kusa kwantawa, kuma makanikai biyu sun raba maka hankali. Ɗaya ya ce a sauke kwanon ƙasa, wato botom filet, a duba. Ɗayan ya ce metal ne ya cinye, wato ɓawon ƙarfen nan mai laushi da karanshaf, babbar sandar ƙasan inji, ke juyawa a cikinsa, sai an buɗe inji. Kowannensu na iya yin gaskiya, amma cutukan biyu ba sa nuna alama iri ɗaya, kuma kai da kake bayan sitiyari ka fi su damar rarrabewa.

Da farko kada ka gaskata gejin da ke gabanka sai ka gwada shi. Ya tsufa kamar yadda motar ta tsufa. A cire suwicin mai, a ɗaura geji na hannu wanda man ke tura shi kai tsaye. Ma'aunin da masu gyara suka saba bi shi ne kusan psi 10 (psi shi ne ma'aunin matsi) a kan kowane juyi 1000 na inji a minti ɗaya.

Idan metal ne, zafi ke tona shi. Da safe mai na da kauri, allura ta hau sama ka ji daɗi. Bayan tafiyar minti ashirin sai ta fara zamewa a hankali, ba rawa ba tsalle, ta fi yin ƙasa idan mota na silo, ka taka totur ta ɗan ɗago. Dalili kuwa, famfo tura mai kawai yake yi. Matsin yana samuwa ne saboda ƙuncin ratar da ke tsakanin karanshaf da metal, wadda galibi ba ta wuce kusan inci 0.001 a kan kowane inci na kaurin wuyan karanshaf ba. Da ratar ta buɗe, mai ya yi zafi ya tsinke, sai ya riƙa tsiyayewa ta gefe. Wani lokaci za ka ji bugu mai nauyi daga ƙasan inji idan mota ta ɗauki kaya.

Kwano kuwa motsi ke tona shi. Allura ta faɗi idan ka taka birki, ko ka sha kwana, ko ka hau tudu, sannan ta dawo. Ko kuma abin ya juye: a silo lafiya lau, kana ƙara wuta tana sauka. Wannan ya nuna famfo na neman mai bai samu isasshe ba. Rariyar da ke zuƙo mai tana zaune ne milimita 6 zuwa 10 daga gindin kwano, don haka jak ɗaya da wani ya kafa a ƙarƙashinsa ya isa ya lotsa shi ya toshe bakinta. Na taɓa sauke wani kwano na tarar da zanen da'ira fes a gindinsa, daidai inda rariya ta zauna a kansa, ita kuma rariyar ta cushe da baƙin datti kamar kwalta, sai da tsinke aka ga ramukanta. Bututun rariya da ya tsage, ko fakin da ya saki a wuyansa, yana sa famfo ya sha iska, allura ta yi ta karkarwa. Ga kuma kwanon aro: wani zurfinsa na gaba, wani na baya, kuma idan an canja kwano ba a canja rariya da sandar awon mai ba, sanda za ta ce maka mai ya cika alhali bai kai ba.

Ba ka faɗi injin da ke cikin motar ba, kuma wannan na da muhimmanci ƙwarai. Idan Chevrolet 216 ne mai silinda shida, wanda aka yi amfani da shi daga 1937 zuwa 1953, psi 14 ko 15 a kan hanya halinsa ne tun daga kamfani. Sandunan fistin ɗinsa ba matsin famfo ke ba su mai ba. Akwai 'yan cokula a ƙasansu da ke ɗiba daga kwararo da ƙananan bututu masu feshi a cikin kwanon kansa. A wannan inji kwano da ya lanƙwashe na iya hana metal mai alhali geji na nuna komai daidai, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Injin 235 na manyan motoci daga 1954 shi ke tura mai da cikakken matsi.

Ka kuma shinshina sandar awo. Warin fetur na nufin robar famfon fetur ta huje ko kafireto na ambaliya, man ya tsinke, kuma alamarsa za ta yi kama da ta metal.

Ni dai ina bayan makanikin farko, a sauke kwano, domin amsar tambayoyin biyu tana can. Ka tsaya a wurin da kanka. Shafa yatsa a gindin kwanon: ƙyalli kamar garin azurfa ko jan ƙarfe na nufin metal ya tafi, na biyun ya yi gaskiya. A kwance murfin metal ɗaya ko biyu a auna rata da Plastigage, wato siririn zaren roba da ake matsewa tsakanin metal da karanshaf don a gane girman ratar, a duba bawul ɗin famfo ko ya maƙale a buɗe. Kada ka bari a zuba maka mai mai kauri don allura ta tashi a ce an gyara. Wajen mayarwa a miƙe leɓen kwano da guduma inda notuna suka ja shi, a ɗaure su kaɗan-kaɗan daga tsakiya zuwa gefe, don fakin kwanon yana fashewa idan aka matse shi da ƙarfi.