LegiScan: Hidimar Bibiyar Ƙudirorin Majalisun Jihohin Amurka

A majalisun jihohi 50 na Amurka ake yin galibin dokokin da suka shafi tsaron makarantu, da hukuncin masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, da rangwamen harajin da ake jawo masu zuba jari da shi, kuma kowace majalisa tana da nata tsarin da nata lokacin zama. Majalisar Texas, alal misali, sau ɗaya take zaman da ta saba a cikin shekara biyu, na kwana 140, ita kuwa Nebraska zaure ɗaya gare ta. LegiScan hidima ce ta intanet da ta tattaro ƙudirorin waɗannan majalisu duka, haɗe da na Majalisar Tarayya, ta zuba su cikin tsari guda, kuma ana iya karanta su ba tare da an biya ko sisi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne shafin da aka ware wa kowane ƙudiri. A nan mutum zai ga waɗanda suka gabatar da shi, da kwamitocin da ya bi, da rubutunsa na farko da na bayan gyare-gyare, da sunayen 'yan majalisar da suka kaɗa masa ƙuri'a da waɗanda suka ƙi. Amfanin wannan ya fi bayyana a batun tsaron makarantu, inda ake yawan yin doka cikin zafin alhini. An kashe mutum 17 a wata makarantar sakandare da ke Parkland ta jihar Florida ranar 14 ga Fabrairun 2018, kuma kafin wata guda ya cika Gwamna Rick Scott ya sa hannu a kan ƙudirin majalisar dattawan jihar mai lamba SB 7026, wanda ya ɗaga shekarun sayen bindiga zuwa 21, ya kuma ba da damar wasu ma'aikatan makaranta su riƙe makami bayan horo. Wanda ya bi jerin ranakun da ƙuri'un zai ga irin hanzarin da aka yi, zai kuma ga cewa rabuwar kawunan ba ta bi layin jam'iyya sak ba, abin da kanun labarai ba kasafai suke nunawa ba. Haka lamarin yake da ƙudirin majalisar wakilan Texas mai lamba HB 3, wanda aka zartar a 2023 bayan kisan yara 19 da malamai biyu a wata makarantar firamare da ke garin Uvalde na jihar, ya wajabta ajiye jami'i mai makami a kowace makarantar gwamnati. Sai dai a kula da shekarar zaman, domin lambobi suna maimaituwa, kuma HB 3 na 2019 a jihar a kan kuɗin tafiyar da makarantu yake.

Binciken da ke ratsa dukkan jihohi a lokaci guda shi ma abin yabo ne. Da shi ake iya bin sawun yadda dokar Alyssa, wadda ta shafi sanya na'urar neman agajin gaggawa a makarantu, ta tashi daga New Jersey a 2019 ta isa Florida da New York da Texas.

A fannin miyagun ƙwayoyi ne iyakar hidimar take fitowa. Masu zaɓen Oregon sun amince a 2020, ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, cewa mallakar ƙwaya kaɗan don amfanin kai ba zai ƙara kai mutum kurkuku ba, sannan a 2024 majalisar jihar ta maido da hukuncin ta ƙudirin HB 4002. Na biyun aikin majalisa ne, saboda haka yana nan dalla-dalla, amma na farkon jama'a ne suka yanke shi kai tsaye, kuma wanda bai san da shi ba rabin labarin kawai zai samu. Batun tattalin arziki ma haka ne. Dokar da Wisconsin ta yi a 2017 ta tanadar wa kamfanin Foxconn, mai haɗa kayan lantarki, tallafin kusan dala biliyan 3 bisa alkawarin guraben aiki 13,000, amma rubutun dokar ba zai gaya maka cewa a 2021 an sake yarjejeniyar, tallafin ya koma dala miliyan 80 kuma guraben suka ragu zuwa ƙasa da 1,500 ba. Ban ɗauki wannan a matsayin laifin hidimar ba, tun da aikinta ya tsaya ne a ƙofar majalisa, amma wajibi ne mai karatu ya nemi sakamakon doka a rahotannin hukumomi da na jaridu.

Komai da Ingilishi yake, kuma da harshen lauyoyi, don haka yana buƙatar haƙuri. Ina ba 'yan jarida da ɗaliban shari'a da Hausawa mazauna Amurka masu 'ya'ya a makarantun gwamnati shawarar su buɗe asusun kyauta, wanda zai riƙa sanar da su motsin ƙudirorin da suka zaɓa. Tsarin biyan kuɗi ya fi dacewa da ƙungiyoyin da ke bibiyar jihohi da yawa a lokaci guda.